Teburi a bakin titi lokacin annoba: wane sharaɗi ne ke kare rai?

Baban Amira

Assalamu alaikum jama'a. Ina so mu tattauna ƙa'idojin da ake gindaya wa gidajen abinci idan annoba ta sa an hana zama a ciki, aka ce su fito da teburansu bakin titi. A zamanin korona birane da yawa sun bi wannan hanya. Vilnius, babban birnin Lituweniya, ta buɗe wa masu gidajen abinci filayenta tun a Afrilun 2020, Paris ta biyo baya a farkon Yuni, New York kuma ta fara nata shirin ranar 22 ga Yuni, gidajen abinci fiye da 10,000 suka shiga. Tambayata ita ce: cikin sharuɗɗan nan wanne ne ke kare rai da gaske, wanne ne kuma wahalarsa ta fi amfaninsa? Don in irin wannan ta sake zuwa, Allah ya kiyaye, a san inda za a sa ƙarfi.

Dakta

Wa alaikumus salam, Baban Amira. Mu fara da dalilin fitowar kanta. Ƙwayar korona cikin numfashi take fita, musamman in mutum yana magana da ƙarfi, ko dariya, ko tari. Manyan ɗigon yawu kusa suke faɗuwa, ƙananan kuwa shawagi suke kamar hayaƙi, su yi ta taruwa a ɗakin da iskarsa ba ta sauyawa. Ga shi mai cin abinci dole ya cire takunkumi.

Misalin da aka fi sani shi ne na wani gidan abinci a Guangzhou ta ƙasar Sin a Janairun 2020. Mutum goma daga iyali uku suka kamu, kuma teburansu uku suna jere ne a layin da iskar na'urar sanyaya ɗaki ke bi tana dawowa. Mutanen sauran teburan ba su kamu ba, masu kai abinci ma haka.

Saboda haka a wurina sharaɗin da ke gaba da kowanne shi ne iska ta riƙa ratsa wurin, ta shigo ta nan ta fice ta can. Duk wanda ya kewaye rumfarsa da tamfol ta ko'ina, ɗaki ya gina a kan titi, kuma ɗakin da ya fi na cikin gida muni, tunda na ciki ko ba komai yana da tagogi.

Malam Duba-gari

Maganar Dakta ita ce ta haifi ƙa'idar rabi. A Ingila, da aka buɗe zaman waje ranar 12 ga Afrilun 2021, an ɗauko ma'aunin da dokar hana shan taba a rufaffen wuri ta daɗe tana aiki da shi: in rumfa tana da rufi, to aƙalla rabin bangon da ya kewaye ta ya zama a buɗe, kuma ƙofa ko tagar da ake iya rufewa ba a lissafa ta a buɗaɗɗe. New York ma kusan haka ta ce, wanda ya rufe fiye da rabi sai a bi shi da ƙa'idar cin abinci a ciki.

Ga yadda ake lissafin. Ɗauki rumfa mai tsawon mita 6 da faɗin mita 3. Kewayenta mita 18 ke nan, mita 9 dole su zauna a buɗe. In ta jingina da bangon gini ta ɓangaren tsawo, mita 6 sun riga sun tafi. Saura mita 3 kawai za ka iya rufewa, wato gefe ɗaya gajere. Nan ne mutane ke faɗawa, sai su manta bangon ginin ma bango ne.

Hajiya Mai Abinci

Malam, a takarda wannan daidai ne, amma ku duba ta ɓangaren mai sana'a. Ba wanda zai zauna iska na kwashe masa tishu, ruwan sama na feso masa a faranti, ƙura na sauka a kofi. Kwana biyu na sanyi ko ruwa sun isa su cinye ribar mako. Mai gidan da ya saki labulen leda ba mugunta ce ta sa shi ba, albashin ma'aikata yake nema. In za a ce kada ya rufe, sai a gaya masa abin da zai yi a madadin haka.

Injiniya

Gaskiyarki Hajiya, kuma akwai madadin. Iskar da ke damun mai zaune ta ƙasa ce, daga ƙafa zuwa kafaɗa. A yi makarin iska mai tsayin mita 1 zuwa 1.2, a bar sama a buɗe har rufi. In rufin yana mita 2.4, rabin bangon nan a buɗe yake, kuma iskar da jikin mutane ta ɗumama sama take tashi, sai ta sami mafita. Maganin feshin ruwa kuma a tsawaita bakin rufi ya zarce teburi da kamar santimita 60, a karkata shi ruwan ya zuba nesa da masu tafiya.

Wani abin da ƙa'idar rabi ba ta faɗa ba: gefe biyu masu fuskantar juna a buɗe sun fi gefe biyu masu haɗa kusurwa. Na farko iska ratsawa take. Na biyu sai ta bar lungu guda a tsaye, kuma lungun nan kwastoma suka fi so saboda ya fi ɗumi.

Maman Sadiq

To allunan roba da ake kafawa tsakanin teburi fa? Wasu wuraren sun yarda a rage tazara in an sa su.

Dakta

Maman Sadiq, allon yana tare abin da ya taho kai tsaye, kamar atishawa. Abin da ke shawagi kuwa kewaye shi yake, kamar yadda hayaƙin tabar maƙwabcinka ke iso maka ko da allo a tsakani. In suka yi yawa kuma sai su datse iskar da ake nema. Inda suke da amfani shi ne gaban mai karɓar kuɗi, tunda fuska da fuska yake da mutane duk yini. Tsakanin teburi, tazara ta fi su.

Haka nan ƙananan tantunan nan na leda masu kama da ƙoƙo da aka yi yayi a ƙasashen sanyi. In iyali ɗaya ne a ciki ba su ƙara wa juna komai ba, amma ma'aikacin da ke leƙawa yana shaƙar numfashinsu, waɗanda za su shiga bayansu ma haka, sai fa in an wangale shi an bar shi ya sha iska tukuna.

Fanka kuma a lura da inda ta dosa. Wadda ke hurowa daga teburi zuwa teburi aikin na'urar Guangzhou take maimaitawa. A juya ta tana tura iska waje ta buɗaɗɗen gefe.

Baban Amira

Mu zo kan tazarar. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce aƙalla mita 1, Amurka ta ce ƙafa 6, wato kusan mita 1.8, Ingila ta fara da mita 2. Daga ina ake aunawa?

Malam Duba-gari

Daga mutum zuwa mutum, ranka ya daɗe. A aikace, daga bayan kujera zuwa bayan kujera, bayan an ja su kamar akwai mai zaune a kai. Wanda ya auna daga bakin teburi zuwa bakin teburi ya bar mita 2, da zarar mutane sun zauna kowace kujera ta ci rabin mita, abin da ya rage tsakaninsu mita 1 ne. Bayan an auna a shafa fenti ko a manna tef a ƙasa inda ƙafafun teburi za su tsaya, domin kwastoma suna jan teburi zuwa inuwa, kafin yamma tsarin safe ya rushe.

Lissafin gurbi: wurin ajiye mota ɗaya a gefen titi kusan mita 6 ne a tsawo, 2.4 a faɗi. Teburin mutum biyu mai santimita 70, da kujerunsa biyu, yana cin mita 1.7. Biyu da tazarar mita 2 a tsakani sun zama 5.4. Gurbin mota ɗaya teburi biyu ke nan, mutum huɗu.

Injiniya

Malam, a gafarce ni, akwai gyara. Ba a cire kaurin shingen da ke raba teburan da motoci ba. New York ta nemi shinge mai kaurin inci 18, kusan santimita 45, ta gefe uku. Cire 45 ta kowane ƙarshe, mita 6 ta koma 5.1, ka ga 5.4 ba za ta shiga ba. Ko da ƙafa 6 aka yi aiki 5.2 ake bukata, nan ma bai kai ba.

Mafita a juya teburan, mutum ɗaya ya ba titi baya, ɗayan ya ba gini baya. Faɗin da ya rage bayan shinge mita 1.95 ne, 1.7 za ta shiga da ƙyar. Yanzu kowane teburi santimita 70 kawai yake ci a tsawo, biyu da tazararsu 3.4, sun zauna har da rara. A gurbin mota biyu, mita 11.1 bayan shinge, jerin farko teburi uku yake ɗauka, na biyu huɗu. Illarsa, mai kai abinci sai ta tsakanin teburan zai bi, kuma mutum ɗaya bayansa na manne da shinge, ba ya ganin motar da ke tahowa.

Malam Duba-gari

Na karɓi gyara, Injiniya. Na gode.

Injiniya

Tunda an taɓo shinge bari in tsaya a kansa, don a ganina bayan iska shi ne na biyu. Wanda aka fito da shi daga ɗaki aka zaunar a kan kwalta an rage masa haɗarin cuta, an ɗora masa na mota.

A zamanin korona tsayinsa a New York inci 30 zuwa 36 ne, wato santimita 76 zuwa 91. Akwai hikima a iyakar saman: in ya wuce haka direba ba ya ganin yaron da zai tsallaka, mai tsallakawa ma ba ya ganin mota. Da farko akwatunan katako marasa komai a ciki aka yi ta kafawa, daga baya aka wajabta cika su da yashi ko ƙasa. Haka shingen roba da ake ɗura wa ruwa. In babu ruwan, yaro ma zai ture shi, kuma suna yoyo, sai an riƙa ƙwanƙwasawa ana ji. A haɗa su da juna da ƙusoshinsu, domin ƙarfinsu a haɗe yake.

Ƙarshen da ke fuskantar motoci masu tahowa shi ne mafi haɗari, can za a sa mafi nauyi, in da hali kankare, a bar ɗan fili tsakaninsa da kujerar farko. A manna tef mai ƙyalli a kusurwoyi saboda dare.

Kuma a faɗi gaskiya, akwatin yashi ba zai tsayar da motar da ta taho a guje ba. Shi ya sa birane da dama ba sa ba da izinin zama a kan kwalta sai a titin da iyakar gudunsa ba ta wuce kilomita 40 a awa ba. A babbar hanya, ko dab da kwana, ko a tashar bas, kada ma a fara.

Maman Sadiq

Ni kuma damuwata hanyar masu tafiya a ƙasa. Da yawa suna gudun kwalta sai su cinye dakalin gefen titi, mai keken guragu da makaho da mai tura keken jariri su koma cikin motoci. New York ta ce a bar ƙafa 8 a buɗe, kusan mita 2.4. A Ingila mita 2 aka fi so, in wuri ya matse 1.5. Kuma awon daga abin da ya fi fitowa ake yinsa: in akwai turken fitila ko bishiya ko kwandon shara, daga jikinsa za a fara, ba daga bakin kwalta ba.

Makaho da sanda yake karanta hanya. Igiyar da aka ɗaura tsakanin sanduna biyu sandarsa wucewa take ta ƙarƙashinta, sai ya ji ta a ciki. Shingen ya kasance da katako ko ƙarfe a ƙasa-ƙasa wanda sanda za ta taɓa. Laima kuma bakinta ya haura mita 2 kada ta soki fuska. Hanyar ta miƙe, kada wannan gida ya jera a jikin bango, na kusa da shi ya jera a bakin titi, mutum ya yi ta zilliya.

Sannan layin masu jira. Sai a tsara teburi da kyau, a bar mutum ashirin cunkushe a ƙofa suna jiran gurbi. A karɓi lambar waya a kira mutum in teburinsa ya samu.

Baban Amira

Dandamalin katako da ake yi don ya daidaita da dakali fa, wajibi ne?

Injiniya

In babu shi mai keken guragu ba zai iya sauka ba, sai an yi masa gangara, kuma gangarar kirki kowane santimita 1 na tsayi tana son 12 na tsawo. Dakali mai santimita 15 na bukatar mita 1.8, ta cinye gurbin teburi. Don haka dandamali ya fi, amma da sharaɗi biyu. Ruwan sama ta jikin dakali yake gangarawa zuwa magudana, dole a bar masa rariya a ƙarƙashi daga wannan ƙarshe zuwa wancan, in ba haka ba ya taru ya shiga shagunan maƙwabta. Na biyu, a yi shi fale-fale da za a iya ɗagawa. Ɓurɓushin abinci na zuba ta tsakanin katako, ƙasa ga duhu ga danshi, ɓeraye sun sami gida. Ƙorafin ɓera da shara na cikin abin da ya sa New York, a dokarta ta 2023, ta mayar da zaman kan kwalta na lokaci-lokaci, daga Afrilu zuwa ƙarshen Nuwamba, a kwashe a lokacin sanyi. Kada kuma a rufe murfin ramin ruwa ko na waya, ranar da bututu ya fashe masu gyara ba za su jira kafinta ba.

Ɗan Kwana-kwana

Salamu alaikum. Ku ba ni dama in yi tsawo kaɗan, don ɓangaren wuta ba ya son gajartawa.

Famfon kashe gobara na titi a ba shi fili, New York ƙafa 15 ta ce. Ƙofar fita ta ginin, da ta mutanen da ke zaune a benen sama, kada teburi ko tukunyar fure ta tsaya a gabanta. In an rufe titi gaba ɗaya, a bar layi miƙaƙƙe da motar kashe gobara za ta bi, kuma abin da aka tare bakin titin da shi ya zama mutum biyu za su iya janyewa.

Sai hita mai gas. Matsalarta uku ce. Tana ƙona abin da ke kusa, musamman rufin tamfol da ke samanta, don haka a ba ta mita ɗaya da rabi daga duk abin da ke kamawa, a kuma duba takardar da ta zo da ita. Tana fitar da kabon monoksaid, iskar da ba ta da wari ba ta da launi. A fili ba ta taruwa, amma da an saki labule an rufe sai ta taru, alamarta ciwon kai da jiri da tashin zuciya, mutane su ɗauka abincin ne. In ma'aikata biyu suka yi kukan ciwon kai lokaci guda, a kashe hita a fitar da kowa. Ta uku, gas ɗin tukunya ya fi iska nauyi, in ya yi yoyo ƙasa yake kwanciya, ya shige ƙarƙashin dandamali ko cikin magudana ya jira guntun taba. Duk sanda aka sauya tukunya a shafa ruwan sabulu a mahaɗar tiyo, in ya yi kumfa a rufe. Tukwanen ajiya a tsaye, a waje, cikin keji mai kulle, ba a ɗakin ƙasa ba.

New York ta yarda da irin wannan hita a kan dakali kawai a hunturun 2020, ban da kan kwalta, shekarar da ta biyo ta janye izinin. Faransa kuwa ta hana ɗumama wuraren zaman waje daga ƙarshen Maris na 2022, ita saboda ɓarnar makamashi.

Janareta ya yi nesa da mutane da tagogi aƙalla mita 6. Abin kashe gobara ya kasance a waje inda ido ke gani, kuma kowane ma'aikaci ya san yadda ake zare fil ɗinsa.

Injiniya

Ƙari a kan na Ɗan Kwana-kwana, hita mai lantarki ma tana da nata. Mai wat 2,000 a kan wuta mai bolt 230 tana jan kusan amfiya 9. Soket mai amfiya 13 ɗaya zai ɗauka, in aka haɗa biyu a jona guda sun haura 17, waya ta yi zafi ta narke. Wayar da ke naɗe a kan gargare a warware ta duka kafin a ɗora mata nauyi, a naɗe zafi take tarawa. Layin da ya fita waje ya bi ta na'urar da ke yanke wuta in ta zube, mai miliamfiya 30, a danna maɓallin gwajinta lokaci-lokaci. Soket ya zama na waje mai murfi, a ɗage shi daga ƙasa. Waya kada ta ratsa hanyar mutane a ƙasa, a bi da ita ta sama.

Hajiya Mai Abinci

To goge-goge fa? An sa masu gidajen abinci sun kashe kuɗi mai yawa a kan feshi, har da ƙafafun kujera.

Dakta

Hajiya, a nan an zarce. A Afrilun 2021 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ce yiwuwar kamuwa da korona ta taɓa gurɓataccen abu ƙasa take da 1 cikin 10,000. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma tun a Mayun 2020 ta ce kada a fesa magani a tituna ko a jikin mutane. Goge teburi tsakanin kwastoma da wanke hannu sun wadatar.

Malam Duba-gari

Dakta, na yarda an zarce, amma kada a saki gaba ɗaya. Annoba ta gaba ba lallai ta numfashi ba ce, kuma cututtukan gudawa ba su tafi hutu ba. Abin da ya kamata shi ne a yi shi daidai. Ƙarfin ruwan bilic da ake so kashi 0.1 cikin ɗari ne. In bilic ɗinka mai kashi 5 ne, mililita 20 a lita ɗaya ta ruwa. In mai 3.5 ne, kusan mililita 30. A fara wanke maiƙo da sabulu, don maiƙo yana kashe ƙarfinsa. A bar teburin a jiƙe aƙalla minti ɗaya, sannan a bi da ruwa mai tsabta. A waje rana tana busar da shi kafin mintin ya cika, tana kuma lalata wanda ke cikin gora mai haske, don haka kullum a haɗa sabo a ajiye a inuwa. Kada a gauraya shi da wani maganin wanki, iskar da ke tashi tana illata huhu. Tsumma ɗaya da ke zagaya teburi goma datti yake rabawa.

Abincin kansa: mai zafi ya zauna sama da digiri 60, mai sanyi ƙasa da 5. Abin da ya fita daga wannan iyaka kada ya wuce awa biyu, in zafin gari ya haura digiri 32 awa ɗaya. Faranti ya fito daga kicin a rufe saboda ƙuda da ƙura. Cokula kada a jera su a teburi tun safe, a kawo su tare da abinci. Kwandon shara mai murfi, a kwashe kafin a tashi.

Maman Sadiq

Duk maganar nan kwastoma muke karewa, alhali shi awa ɗaya zai yi ya tafi. Mai dafa abinci yana cikin kicin awa takwas ko goma, kafaɗa da kafaɗa, ana ɗaga murya saboda ƙarar fanka. Teburi sun fita waje, kicin bai fita ba. A bar na'urar zuƙe hayaƙi a kunne duk lokacin aiki, a buɗe ƙofar baya da raga don iska ta shigo. Takunkumi in ya jiƙe da gumi a sauya. A raba ma'aikata rukuni biyu da ba sa haɗuwa, in ɗaya ya kamu ba sai an rufe gidan duka ba. Hutun cin abinci su yi shi a waje, bi da bi, don a ɗan ɗakin hutu ne kowa ke cire takunkumi. Wanda kuma ya tashi da zazzaɓi, in ya san zaman gida zai ci masa albashi, zuwa zai yi ya ɓoye. Auna zafin goshi a ƙofa ba ya kama wanda bai fara nuna alama ba, biyan ranakun jinya ya fi shi aiki nesa ba kusa ba.

Banɗaki ma a ciki yake. Mutum ɗaya-ɗaya, da takunkumi, taga a buɗe, layin jira a waje.

Dakta

Wannan haka yake. Mai son ya san halin kicinsa ko rumfarsa ya nemi ƙaramar na'urar auna kabon dayoksaid, iskar da mutum ke fitarwa in ya yi numfashi. A fili tana nuna 400 da ɗoriya. In a rumfa ta haura 800, numfashin mutane na taruwa, a ɗage labule. Sai dai a kula, wutar gas ma tana fitar da wannan iska, kusa da murhu ko hita lambar za ta hau ko ba mutane. A ajiye ta nesa da wuta, daidai tsayin kan mai zaune.

Baban Amira

Saura izini da maƙwabta.

Malam Duba-gari

Hanya biyu aka bi. New York ta bar mai gida ya cike takarda a intanet ya shaida da kansa cewa ya cika sharuɗɗa, ya fara, masu dubawa su biyo baya. Ya yi sauri, amma an yi ta gini ana rushewa. Ingila, a dokarta ta Yulin 2020, ta ba da kwana 7 na jin ra'ayin jama'a, da wasu 7 na yanke hukunci, in ƙaramar hukuma ta yi shiru an ɗauka ta yarda. Ni na fi son ta biyu, mako biyu ba su kai asarar rushe rumfa ba.

Kafin a nema a tanadi zanen wurin da awo, da hotuna, da takardar inshora da ta ambaci wajen ginin ƙarara, don wadda ake da ita sau da yawa a bakin ƙofa ta tsaya. Faɗin wurin kada ya wuce gaban shagonka sai da rubutacciyar yardar maƙwabci. Lokacin tashi a kiyaye shi, Paris ƙarfe 10 na dare ta sa. Kiɗa mai ƙarfi a bar shi, ban da damun na sama, yana sa mutane ɗaga murya da matsowa kusa. Ireland ta taɓa ƙayyade zama minti 105, Ingila ta sa a ajiye sunaye da lambobin waya kwana 21 don bibiyar masu cuta. Wanda ya karɓi irin wannan bayani kada ya bar littafin a buɗe kowa na karantawa, kuma in kwanakin sun cika ya lalata shi.

Hajiya Mai Abinci

Injiniya, tambaya ta ƙarshe daga gare ni. Tanti a kan kwalta ba a kafa masa turke. Nauyi nawa ake ɗaura masa?

Injiniya

Hajiya, iskar da ke gudun kilomita 54 a awa tana tura kowace murabba'in mita da ƙarfin kusan kilo 14. Gefen tanti mai mita 3 da tsayin mita 2 murabba'i 6 ne, kilo 84 ke nan a gefe guda, ban da wadda ke shiga ƙarƙashin rufi tana ɗaga shi. In gudun iskar ya ninka, ƙarfin sau huɗu yake ƙaruwa. Bulo ɗaya a kowace ƙafa ba ya yin komai. Ƙaramin tanti mai mita 3 a kan 3 a ba kowace ƙafa buhun yashi na kilo 25 zuwa sama, a ɗaure da ɗamara daga saman ƙarfen zuwa buhun, babba kuma a bi lissafin kamfanin da ya ƙera shi. Kada a ɗaure a jikin shingen roba ko turken fitila. Rufin a ja shi ya yi tauri, don in ya yi kwari ruwa na taruwa, kowace lita kilo guda, bokiti biyar sun isa su lanƙwasa ƙarfe. In aka yi hasashen iska mai ƙarfi, a fara cire gefuna, a naɗe laimomi a kwantar, a shigar da hita, a mayar da tukwanen gas kejinsu, sannan a sauke rufin tun kafin ta iso, domin in ta fara ba mai iya riƙe shi.